Tafiyata Tiga da Kawu da Kwalbarsa

Tun daren da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Maiduguri har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, barci ya ƙaurace wa mahaifiyata a Kura. Kullum bayan isha'i sai ta kira ni, maganar ɗaya ce: an ce dam ɗin Tiga ma ya cika. Saƙonni suna ta yawo a WhatsApp, wannan ya ce a kwashe yara, wancan ya ce ƙarya ce. Ni malamin makaranta ne a Kano. Abin da ya haɗa ni da Tiga shi ne shinkafar da aka biya mini kuɗin karatu da ita, da ruwansa aka noma ta. Da na rasa abin da zan faɗa mata, sai na tafi wajen yayanta, Kawu, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin auna ruwa da duba madatsu a ƙasar Kano kafin ya yi ritaya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, dam ba a waya ake duba shi ba. Ran Asabar ka zo da motarka da sassafe. Ka sa takalmi mai rufi.”

Da na isa ƙofar gidansa bayan asuba, na tarar da shi a zaune da sandarsa, da tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, da wata farar kwalba ta gilashi da aka wanke tas, babu komai a ciki. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce in ja mota, zan gani.

Mun bi titin Zariya ta Na'ibawa. A gadar Tamburawa ya sa na rage gudu, ya nuna mini ruwan da ke tafe jajur da laka. A wajajen nan ne kogin Challawa da kogin Kano ke haɗuwa, su bi ta Wudil su zama kogin Haɗeja, can gaba su haɗu da na Jama'are su nufi Yobe da Tafkin Chadi. A nan kuma matatar ruwan Tamburawa take, wadda ke shayar da wani babban ɓangare na birnin Kano. Kawu ya ce kafin a yi dam, wannan kogin da rani yashi ne zalla, sai an tona rijiya a tsakiyarsa a sami na sha. Yanzu kuwa ko a watan Afrilu akwai abin da ke gudana, domin daga sama ake sako shi da awo. Mutumin birni da ke buɗe famfo bai cika tuna cewa ruwan nasa ya kwana a bayan tarin ƙasa mai nisan kilomita saba'in daga gidansa ba.

Daga Kura zuwa Kadawa idona ya saba da komai, amma ran nan na kalle shi da wani ido daban. Shinkafa ta fara nuna hagu da dama, kanal-kanal sun ratsa gonaki, yara na wanka a bakin kwalbati. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan shiru take a irin wannan lokaci, sai rani ya kama za ka ga kwanduna jere da manyan motoci masu zuwa kudu. Duk wannan arziki, na Kura da Garun Malam da Bunkure, alkama da tumatir da albasa da masarar rani, daga babban kanal ɗin da ya taso daga Tiga ya bi ta Ruwan Kanya yake. In an ce noman rani a Kano, sunan Tiga ake kira ko ba a ambace shi ba.

Da muka bar titin Zariya muka karkata wajen Bagauda, Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai da muka zo daidai inda Makarantar Koyon Aikin Lauya take yanzu, a wurin tsohon otel ɗin bakin tafki, ya ce in tsaya. Muka fito. Ya ce a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama na kwanaki, madatsar Bagauda ta fashe. An rasa rayuka, gidaje da gonaki da dabbobi sun tafi, hanya ta yanke. Shi yana cikin waɗanda suka je suka ga wurin bayan ruwa ya janye.

“Abin da ba na mantawa,” in ji shi, “shi ne gefen inda ya tsage. Kamar an yanka tuwo da wuƙa. Ka tsaya ka ga cikin bangon, ƙasa ce kawai, irin wadda muke takawa. Ran nan na san cewa abin da muke gadi ba dutse ba ne.”

An sake gina Bagauda daga baya. Amma darasinsa bai tsaya a nan ba, ya bi hanya har Tiga, kamar yadda na ji da muka isa.

Ban taɓa tsayawa a kan bangon Tiga da niyyar kallonsa ba sai ran nan. Tun muna yara akan kawo mu yawon buɗe ido, mu ci soyayyen kifi mu koma. Wannan karon, bayan mun gaisa da masu gadi, Kawu ya sa na ajiye mota, muka taka. Bangon ya miƙe kimanin kilomita 6, tsayinsa a inda ya fi zurfi ya kai kusan mita 48. Ta hannu ɗaya ruwa ne iya ganinka, da tsibirai na duwatsu da kwale-kwalen masunta kamar ƙudaje a kan faranti. Ta ɗaya hannun gangare ne mai ciyawa, ya sauka can ƙasa zuwa kwarin kogi. In ba an gaya maka ba, sai ka ɗauka tudu ne da Allah ya halitta a wurin. An fara aikin a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai shekarun da fari ya gasa ƙasar Hausa da Sahel. Tafkin da ya taru ya kai murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An tashi ƙauyuka da dama kafin ruwan ya kwanta a inda yake, kuma har yau akwai tsofaffin da za su nuna maka tsakiyar tafki su ce can ne gidan ubansu. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Kawu ya tsuguna a gefen hanya, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini cikin dam da sandarsa. Ya ce irin wannan bango ba zuba ƙasa ake yi a tara kamar juji ba. A tsakiya akwai zuciya ta yumɓu, wanda ake shimfiɗawa kaɗan-kaɗan, a jiƙa shi daidai, a daddanne da manyan injina, sannan a ƙara wani a kai. Yumɓun nan shi ke hana ruwa wucewa. Bayansa akwai shimfiɗar yashi da tsakuwa da aka tace, aikinsu su bar ruwa ya wuce amma su riƙe ƙwayar ƙasa. Sai kafaɗu biyu na ƙasa mai nauyi da ke tallafe zuciyar. Fuskar da ke kallon tafki an lulluɓe ta da manyan duwatsu saboda dukan igiyar ruwa, ta baya kuma ciyawa ce, don kada ruwan sama ya zaizaye ta.

Na ce, “Kawu, ke nan ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan?”

Ya ɗago ya dube ni. “Wa ya gaya maka? Babu dam ɗin ƙasa a duniya da ba ya naso. Randar mahaifiyarka ba ta naso? Tana yi, kuma ba ta fashe ba. Abin tambaya shi ne nawa ne ke fita, ta ina yake fita, kuma me ya ɗauko.”

Nan ne maganar kwalba ta fito. Muka gangara ta gefe a hankali, yana dogara sanda, har gindin bangon, inda ruwan naso ke taruwa ya bi wata ƙaramar magudana. Ya tsuguna ya cika kwalbar, ya ɗaga ta saitin rana, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini. Ruwan garau yake, ina hango yatsuna ta cikinsa. Ya ce in dai haka yake fita, kuma yawansa yana bin hawa da saukar tafki yadda ya saba, to yashin da ke ciki yana aikinsa. Ranar da ka ɗebo ka ga ya yi gurɓi-gurɓi, ka ajiye kwalbar ka ga laka ta kwanta a gindinta, to bangon ne da kansa yake fita ta wannan kafa, cokali-cokali. Ruwan yana sassaƙa hanya daga baya yana komawa wajen tafki, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki, waje na nan lafiya lau. Ranar da hanyar ta haɗe da tafki, abin da ya rage sa'o'i ne.

Ya ba ni misalin da aka koya musu a wani kwas tun yana saurayi: madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka, ita ma ta ƙasa ce, sabuwa fil, ana cika ta karo na farko. Ranar 5 ga Yuni 1976 da safe aka ga ruwa mai laka yana fita daga jikinta. An tura manyan motocin ture ƙasa su toshe ramin, ramin ya haɗiye su, direbobin suka tsira da ƙyar. Kafin azahar bangon ya tafi. Mutum 11 suka mutu, kuma da ba a yi saurin sanar da garuruwan da ke ƙasa ba, da abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Abin da ya kama ni a labarin shi ne ƙasa irin Amurka mai tarin injiniyoyi ma laka a cikin ruwa ce ta fara ba ta labari.

Mun daɗe a gindin bangon nan, kuma a nan na fi ƙaruwa. Kawu yana tafe yana karanta ƙasa kamar mafarauci. Ya ce mai duba dam yana neman inda ciyawa ta fi sauran kore da rani, domin akwai danshi a ƙarƙashi. Yana neman inda ƙafa ke nutsewa, da inda yashi ke ɓuɓɓugowa kamar tafasar tukunya. A saman bango yana neman tsaga, kuma tsagar da ta ratsa bangon daga gefen ruwa zuwa baya ta fi wadda ta bi tsawonsa haɗari, don ita ƙofa ce a buɗe. Yana neman inda hanya ta lotsa, da inda duwatsun fuska suka zame, da wurin da ruwan tafki ke juyawa a kusa da bango ba iska ba komai. Akwai bututai da ake kafawa a jikin bango, a zura igiyar awo a ga inda ruwa ya kai a ciki. Akwai alamomin siminti da masu safiyo ke aunawa don a san ko bangon ya zauna ko ya gusa. Akwai ƙarfe mai baki kamar harafin V da ake sawa a magudanar naso, tsayin ruwan da ke bi ta bakin shi ke nuna yawansa.

Ya buɗe mini baƙin littafinsa. Shafi bayan shafi, kwanan wata, tsayin ruwa, awon naso, da 'yan kalmomi a gefe: garau, garau, an yi ruwa jiya, garau. Na wata madatsa ce da ya yi aiki shekaru da yawa da suka wuce. Ya ce lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Sai ka jera ta yau da ta bara da ta shekara goma a daidai wannan tsayin tafki, sannan za ka ga ko wani abu ya canza. Shi ya sa in aka bar awo ya yanke na shekara biyu, ba shekara biyu kawai aka rasa ba, an rasa abin da za a gwada gaba da shi. Ya kuma ce abin da ya fi ci masa rai a rayuwar aikinsa shi ne ya rubuta rahoto da hannunsa, ya kai inda ake kaiwa, bayan wata shida ya tarar da shi a inda ya ajiye, ƙura ta rufe. Bai faɗi wurin ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga yadda ya rufe littafin.

Daga nan muka nufi mafitar rarar ruwa, wadda ma'aikata ke kira sifilwe. Tun daga nesa muke jin rurinta. A nan ne amsar tambayar mahaifiyata take. Kawu ya ce mutane suna jin an ce dam ya cika sai hankalinsu ya tashi, alhali cika aikinsa ne. An yi masa wannan mafita ne musamman, a wuri mai ƙarfi, ƙasa da saman bango da tazara mai yawa, domin in tafki ya kai iyakarsa rarar ta bi ta nan ta koma kogi. Dam ɗin kankare yana iya jure ruwa ya bi ta kansa na ɗan lokaci. Na ƙasa ba ya jurewa. Da zarar ruwa ya haura saman bango ya fara gangarowa ta baya, zai yanka kwari, kwarin ya faɗaɗa, shi ke nan. Don haka tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da saman bango ba asarar wuri ba ce, ita ce ran dam ɗin.

A 1992, shekaru kaɗan bayan Bagauda, an rage tsayin mafitar Tiga da mita 3.5 don a sauƙaƙa wa bangon nauyi. Wannan ya rage abin da tafkin ke iya riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na tsaya ina juya wannan a raina. Ruwa ne mai yawan gaske aka haƙura da shi, a ƙasar da manomi ke faɗa da ɗan'uwansa a kan awa ɗaya ta ban-ruwa. A ganina wannan yana cikin shawarwari mafi hankali da aka taɓa yankewa a kan ruwa a ƙasar Kano, kuma 'yan Kura kaɗan ne suka san an yi ta. A shekarar ce kuma aka kammala madatsar Challawa a Ƙaraye, ta zama ta biyu a girma a kan wannan kogi.

Sai dai rarar da ke fita lafiya daga Tiga ba lafiya take isa ko'ina ba. Wani masunci da muka zauna a rumfarsa muka ci karfasa da tarwaɗa, mutumin wajen Haɗeja ne, ya ce mana su a can ƙasa sun san dam ta wata fuska. Kafin a tare kogin, ambaliyar damina takan bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ta kawo kifi, ta bar danshin da ake shuka a kai, sannan kogi ya bushe da rani. Da aka yi madatsun, babbar ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya daina yankewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, ta sa ruwa yana kwana a gonakin da ba a so, yana ƙin zuwa inda ake jiransa. “Baba,” ya ce wa Kawu, “ku a nan kuna buɗe ƙofa ku rufe, mu can muke jin ta a jikinmu.” Kawu bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, kuma duk wanda ke riƙe da makullin ruwa a sama, haƙƙin na ƙasa yana wuyansa: ya sako da lissafi, ya kuma sanar da su kafin ruwan ya iso, ba bayan ya iso ba.

Wannan magana ta sanarwa ita ta fi tsaya mini. Kawu ya ce kowace babbar madatsa ya kamata a ce tana da taswirar inda ruwa zai bi in abu ya faru, da sa'o'in da zai ɗauka kafin ya kai kowane gari, da jerin wanda zai kira wane: daga mai gadi zuwa injiniya, zuwa hakimi da dagaci, zuwa gidan rediyo da lasifikar masallaci. Ni kuma na ce a raina, takardar da ke cikin durowa ba ta tashin kowa daga barci. Mahaifiyata ta shekara hamsin tana zaune a ƙasan wannan ruwa. Ta cancanci ta san tudun da za ta nufa da jikokinta, kuma ta san muryar da za ta gaskata in dare ya yi, don kada ta zauna tana jiran saƙon WhatsApp daga wanda bai taɓa ganin Tiga ba.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Kawu ya ce mu ratse ta wani ƙauye da yake da abokin da suka daɗe ba su gana ba. A bayan garin akwai ƙaramar madatsa, jinga ce ta ƙasa da ba ta fi tsayin soro biyu ba, irin waɗanda aka yi da yawa a ƙasar nan don shayar da dabbobi da ɗan lambu. Mun je ne gaisuwa, amma da Kawu ya hango ta sai ƙafarsa ta kai shi.

Duk abin da ya lissafa mini da safe a matsayin abin tsoro, a nan na gan shi da idona. Darbejiya da gawo sun girma a kan jingar, har ana hutawa a inuwarsu. Kawu ya ce saiwar bishiya tana neman ruwa ne, tana ratsa bangon, kuma ranar da bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe, ta bar bututu. Ga suri biyu a gangaren baya, ga ramukan gafiya. Shanu sun yi turba a wuri ɗaya har saman bangon ya lotsa kamar sirdi. Abin da ya sa Kawu ya yi salati kuwa shi ne mafitar rarar ruwa: an jera buhunan yashi an toshe ta, don tafkin ya ƙara riƙe ruwan da zai kai su rani. Ruwa ya taso, tsakaninsa da wannan lotsattsen wuri bai fi kamu uku ba. Gidajen gari kuwa suna ƙasa, har ina jin dakan mata.

Ya gangara baya, ya sami inda ƙasa ta jiƙe, ya zubar da ruwan Tiga, ya cika kwalbar da na nan. Ya ɗaga ta saitin rana. Ban ga yatsunsa ta ciki ba.

Muka sami mai unguwa a ƙofar gida da dattawa bayan sallar la'asar. Na zaci Kawu zai yi faɗa. Sai ya cire takalmi ya zauna, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, sannan ya ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma.

“Ranka ya daɗe, wannan daga bayan jingarku na ɗebo. Ina roƙon a bar ta nan har mu gama magana.”

Mai unguwa ya ce su ma ba da son ransu suka toshe mafitar ba. Tafkin ya cika da laka, ba ya riƙe rabin abin da yake riƙewa a da, bara tun watan Maris ya ƙafe, mata suna tafiyar awa guda neman ruwa, Fulani suka tashi. Sun kai kuka inda ya kamata ba sau ɗaya ba, ba a zo ba. Na ji maganarsa har cikin raina, don ba wauta ce ta sa su ba, ƙishirwa ce. Kawu ya ce ya fahimta, amma buhunan nan ruwan wata ɗaya za su ƙara musu, in kuma aka yi ruwan ƙarshen damina mai ƙarfi cikin dare, za su rasa tafkin gaba ɗaya, da abin da ke ƙasansa. Ya ce a cire buhunan sahu-sahu, ba a lokaci ɗaya ba, don kada ruwan ya fita da ƙarfi, kuma don saukar tafki da gaggawa ita ma tana sa fuskar bango ta zame. A cike lotsattsen wurin da yumɓu a daddaɓe, a canza wa shanu hanya. Ƙananan bishiyoyi a sare su, amma manyan kada a taɓa su sai ma'aikacin da ya san aikin ya zo, domin tumɓuke su ba tare da an cike gurbin saiwar ba ya fi barinsu haɗari. Sannan a sami yaro ɗaya mai hankali da zai riƙa zuwa bayan jingar kowace safiya da kwalba.

Kafin ya gama, wani dattijo ya ɗauki kwalbar ya duba. Ruwan saman ya fara washewa, a gindi kuma jar laka ta kwanta, kaurin farce. Ya miƙa wa na kusa da shi, ta zaga hannu-hannu har ta dawo gaban mai unguwa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya aika a kira masa sarkin samari.

Ba mu bar garin ba sai da muka ga an ɗauke sahun farko na buhunan, ruwa ya fara bin tsohuwar hanyarsa a hankali. Kawu ya yagi takarda daga bayan baƙin littafinsa, ya rubuta musu abin da za su faɗa in sun sake kai kuka, da kalmomin da injiniya zai ji ya tashi tsaye. Kwalbar kuma ya bar wa wani yaro ɗan aji biyar da ya yi ta bin mu tun daga bakin tafki yana tambaya.

Mun iso Kura bayan isha'i. Mahaifiyata tana zaune a tsakar gida da rediyo a gefenta, ko sallamarmu ba ta gama amsawa ba ta ce, “Yaya, me kuka gani?” Kawu ya zauna a kan turmi, ya ce a ba shi ruwa tukuna. Da ya sha, ya ce mata na Tiga garau yake fita, ta kwanta ta yi barci. Sannan ya juyo gare ni ya ce ran Laraba in sake zuwa da mota, yana so ya koma ƙauyen nan ya ga abin da yaron ya ɗebo.